Kwamitin da Ke Sa Ido da Kunne: Majalisar Dattawan Amurka da Hukumar CIA

A ranar 11 ga Maris, 2014, Sanata Dianne Feinstein ta miƙe a zauren Majalisar Dattawan Amurka ta zargi hukumar leƙen asirin ƙasar, wato CIA, da kutsawa cikin kwamfutocin da ma'aikatan kwamitinta ke aiki da su. Kwamitin nan kuwa shi ne wanda aka ɗora wa alhakin bin diddigin ayyukan hukumar. Abin da ya ƙara wa zargin nauyi shi ne bakin da ya furta shi. Feinstein ba ta taɓa zama cikin masu tsangwamar hukumomin leƙen asiri ba. Watanni tara kafin nan, lokacin da Edward Snowden ya fallasa yadda ake tattara bayanan wayoyin Amurkawa, tana sahun gaba wajen kare shirin. Shugaban CIA na lokacin, John Brennan, ya musanta zargin nata a ranar da ta yi shi. Kafin ƙarshen watan Yuli na shekarar, binciken cikin gida na hukumarsa ya tabbatar da kutsen, shi kuma ya nemi afuwa.

A Hausar kafafen yaɗa labarai, aikin irin wannan kwamiti "sa ido" ake kiransa. Fassarar ta yi kyau, har ma ta fi aikin da take wa suna kyau. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, a mafi yawan tarihinsu kwamitocin majalisar Amurka da kunne suka riƙa yin aikin: hukuma ta zo ta karanta musu abin da ta zaɓa, su saurara, su yi rantsuwar yin shiru. Rikicin 2014 ya tashi ne domin a karo ɗaya kwamiti ya daina saurare ya koma karatun takardun hukumar da kansa.

Ba don sha'awar labarin nesa kawai batun ya cancanci wuri a mujallarmu ba. Tsarin shugaban ƙasa da majalisa biyu da Nijeriya ta ɗauka a 1979 daga Amurka aka kwaikwayo shi, kuma sashe na 88 da na 89 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba Majalisar Tarayya ikon bincike da kiran shaidu. Hukumomin leƙen asirinmu uku kuwa dokar soja ta 1986 ce ta haife su, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da babu majalisar da za a ba rahoto. Wanda ya tuna safiyar 7 ga Agusta, 2018, da jami'an tsaro na farin kaya suka tare ƙofar Majalisar Tarayya a Abuja da fuskokinsu a rufe, har Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sallami shugaban hukumar a ranar, ya san tambayar ba baƙuwa ba ce a gare mu. Tunda riga aro muka yi, ya kamata mu san inda ta yage a jikin mai ita.

An kafa CIA a 1947, kuma kusan shekara talatin ta yi ba tare da wani kwamiti na musamman a kanta ba. Wasu tsirarun dattawan majalisa ne ke ganawa da shugabanninta jefi-jefi, su amince da kuɗinta. A 1956 aka kayar da ƙudurin da Sanata Mike Mansfield ya kawo na kafa kwamitin haɗin gwiwa, da ƙuri'a 59 da 27. A 1971 Sanata John Stennis ya faɗa a zauren majalisa cewa duk mai son hukumar leƙen asiri dole ya ɗan runtse ido ya karɓi abin da ya zo. Babu rufa-rufa a maganarsa: rashin sani zaɓi ne da 'yan majalisar suka yi, domin wanda bai sani ba ba a tuhumarsa.

Jarida ce ta buɗe musu idon. A Disambar 1974 Seymour Hersh ya buga a New York Times cewa hukumar ta daɗe tana leƙen asirin 'yan ƙasa masu adawa da yaƙin Biyetnam, abin da dokar kafa ta ba ta yarje mata ba. Daga nan aka kafa kwamitin Sanata Frank Church a 1975. Cikin abin da ya tono akwai yunƙure-yunƙuren kashe Fidel Castro, da gubar da aka aika Kongo domin Patrice Lumumba, ko da yake kwamitin bai sami shaidar cewa hukumar ce ta aiwatar da kisansa na Janairun 1961 ba. Sakamakon binciken aka kafa kwamitin dindindin a Majalisar Dattawa a 1976, da na Majalisar Wakilai a 1977. Dokar 1980 ta wajabta a riƙa sanar da kwamitocin biyu cikakken bayani kuma a kan lokaci.

A kan takarda wannan babban ci gaba ne, kuma ƙasashe da dama sun yi koyi da shi. Amma a duba ginshiƙin da aka ɗora ginin a kai. Wa zai sanar? Hukumar. Wa zai yanke abin da ya kai a sanar? Hukumar da fadar shugaban ƙasa. Kwamitin da ke sa ido a kan ma'aikatar noma yana da manoma da 'yan jarida da ƙungiyoyi da malaman jami'a da za su kai masa kuka idan ma'aikatar ta yi ƙarya. Masana kimiyyar siyasa Mathew McCubbins da Thomas Schwartz sun nuna tun 1984 cewa yawancin aikin sa idon majalisa a kan irin wannan ƙararrawa ta jama'a ya dogara, ba a kan sintirin da 'yan majalisa ke yi da kansu ba. To a fagen leƙen asiri wanda abin ya shafa ko dai bai san an yi masa ba, ko yana ɗaure a wata ƙasa, ko kuma ma'aikaci ne da zai tafi kurkuku idan ya buɗe baki. An cire ƙararrawar, an bar kwamiti da bakin wanda yake bincike.

Shekarar da aka buga wancan nazari ta kawo misalinsa. A farkon 1984 CIA ta dasa nakiyoyi a tashoshin jiragen ruwan Nikaragua. Shugabanta William Casey ya ambaci lamarin ga kwamitin dattawa, amma a jimla guda da ya cusa cikin dogon bayani, ta yadda kusan babu wanda ya farga. Da labari ya fito a jarida, shugaban kwamitin, Barry Goldwater, ɗan jam'iyyar gwamnati kuma masoyin hukumar, ya rubuta masa wasiƙar da ta shahara saboda zafinta, mataimakinsa Daniel Patrick Moynihan kuma ya ce ya ajiye muƙami, sai da Casey ya ba da haƙuri. A shari'ance Casey ya sanar. A zahiri kuwa babu wanda ya sani. Shekara biyu bayan haka ma ba a tsaya wannan wasan ba: umarnin da Shugaba Reagan ya sa wa hannu a Janairun 1986 na sayar wa Iran makamai ya hana a gaya wa majalisa, kuma haka aka yi wata goma, har wata mujalla a Labanon ta fasa ƙwan.

Ƙarya a gaban majalisa laifi ne, amma farashinsa bai taka kara ya karya ba. Richard Helms, tsohon shugaban hukumar, ya ɓoye wa dattawa gaskiya a 1973 game da rawar da aka taka a Chile. A 1977 kotu ta ci shi tarar dala 2,000 da ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka. Tsofaffin abokan aikinsa ne suka yi karo-karo suka biya tarar.

Akwai kuma wata ƙofa a cikin dokar 1980 wadda a ganina ta fi ƙaryar kanta illa. A yanayi na musamman, shugaban ƙasa na iya taƙaita sanarwa ga mutum takwas: shugabannin jam'iyyu biyu a majalisun biyu, da manyan kwamitocin biyu. A aikace, wani lokaci mutum huɗu kawai ake kira. Wanda aka kira sau da yawa ba ya shiga da lauya ko ƙwararren ma'aikaci, ba ya fita da rubutu, ba ya iya gaya wa sauran 'yan kwamitinsa. A Yulin 2003, bayan an yi wa Sanata Jay Rockefeller irin wannan bayani a kan wani shirin sauraren wayoyi, abin da ya iya yi shi ne rubuta wa Mataimakin Shugaban Ƙasa Dick Cheney wasiƙa da hannunsa, domin ba shi da izinin ba wani ya buga masa, ya kulle kwafinta a akwatin ƙarfe. Sanata ke nan, mataimakin shugaban kwamiti. Irin wannan sanarwa ba ta ba mutum ikon hanawa, sai dai ta mayar da shi abokin tarayya. Ranar da asiri ya tonu, hukuma za ta ce ai an gaya masa, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Da wannan tsari aka shiga shekarun bayan harin 11 ga Satumba, 2001. CIA ta buɗe gidajen tsare mutane na ɓoye a ƙasashen waje. An fara yi wa shugabannin kwamitin dattawa bayani a Satumbar 2002, bayan an riga an gama gana wa Abu Zubaydah azaba a watan Agusta. Sauran 'yan kwamitin ba su ji cikakken bayani ba sai 6 ga Satumba, 2006, ranar da Shugaba Bush ya bayyana shirin ga duniya.

A nan manazarcin harshe yana da abin cewa. Sunan da hukumar ta raɗa wa abin da take yi, idan aka mayar da shi Hausa, shi ne "ingantattun dabarun tambaya". Wanda ya ji wannan suna a ɗakin taro zai iya gyaɗa kai ya wuce. Abin da sunan ya lulluɓe shi ne a ɗaure mutum a kan allo, a rufe masa fuska da ƙyalle, a riƙa kwarara masa ruwa har ya ji yana nutsewa. An yi wa Abu Zubaydah haka sau 83 cikin wata guda, Khalid Sheikh Mohammed sau 183. Akwai wanda aka hana barci har kusan awa 180. Gul Rahman ya mutu a Nuwambar 2002 a wani gidan tsarewa a Afghanistan, a ɗaure a kan daɓen siminti cikin sanyi. Sakaya zance al'ada ce mai kyau a tsakanin surukai. A gaban kwamitin bincike kuwa makami ce, domin mai saurare ba shi da abin da zai auna kalmar da shi.

Abin aunawa ya kasance akwai, amma an lalata shi. An ɗauki faifan bidiyo 92 na tambayoyin da aka yi a gidan tsarewa na Tailan. A Fabrairun 2003 'yar majalisa Jane Harman ta rubuta tana shawartar kada a lalata su. A Nuwambar 2005 Jose Rodriguez, shugaban sashen ayyukan ɓoye, ya ba da umarni aka lalata. Sai a Disambar 2007 labarin ya fito. Domin kwantar da hankalin kwamiti, hukumar ta ce ai saƙonnin da jami'anta suka riƙa aikowa daga wurin sun isa su maye gurbin faifan, ta ba wasu ma'aikatan kwamitin biyu izinin karanta su. Wannan rangwame shi ne kuskuren hukumar, idan aka duba ta fuskarta. Abin da suka karanta ya yi hannun riga da abin da aka daɗe ana faɗa wa sanatoci, har a Maris na 2009 kwamitin ya ƙaddamar da cikakken bincike da ƙuri'a 14 da 1. Gani ya kori ji.

Ma'aikatan, ƙarƙashin jagorancin Daniel Jones, sun shafe shekaru suna bin shafuka sama da miliyan shida. Rahoton da suka fitar ya haura shafi 6,700, da manuniyar ƙasan shafi kusan 38,000. Ya ƙidaya mutum 119 da aka tsare, alhali an gaya wa kwamiti ba su kai ɗari ba; aƙalla 39 an gana musu waccan azaba; aƙalla 26 kuma, bisa ma'aunin hukumar kanta, bai kamata a tsare su ba. Sashen da na fi ganin darajarsa shi ne ratayen da ke ƙarshen taƙaitaccen rahoton, inda aka jera shaidar da shugaban hukumar Michael Hayden ya bayar a Afrilun 2007 a gefe guda, aka jera abin da takardun hukumar suka nuna a ɗaya gefen. Duk wanda ya taɓa kwatanta kwafi biyu na rubutaccen waƙe ya san wannan hanya. Ba ta buƙatar hasashe, sai haƙurin karatu.

Amma a ina aka yi karatun? A wani ginin CIA a arewacin Virginia, a kan kwamfutocin da hukumar ta girka take kuma kula da su. Kura aka ba ajiyar nama, bisa yarjejeniyar cewa ba za ta leƙa ba. Feinstein ta ce a 2010 an janye takardu kimanin 870 daga rumbun, daga baya aka ƙara janye wasu 50, ba tare da sanarwa ba. A cikin rumbun ma'aikatan suka ci karo da wani bita na cikin gida da aka fara a zamanin shugaban hukumar Leon Panetta, wanda a cewar kwamitin ya yarda da manyan abubuwan da binciken ya gano. Da hukumar ta kawo martaninta a Yunin 2013 tana musanta waɗannan abubuwa, ma'aikatan suka buga wani ɓangare na bitar suka kai ma'ajiyar kwamiti a ginin majalisa. Neman sanin yadda takardar ta faɗa hannunsu ne ya kai jami'an hukumar cikin kwamfutocin. Bayan haka muƙaddashin babban lauyan hukumar ya kai ƙarar ma'aikatan kwamitin Ma'aikatar Shari'a, lauyan da Feinstein ta ce sunansa ya fito fiye da sau 1,600 a cikin rahoton. Ma'aikatar ba ta gurfanar da kowa ba. Mai binciken cikin gida ya sami jami'ai biyar da shiga inda bai kamata ba, kwamitin ladabtarwa da Brennan ya naɗa kuma ya ce a Janairun 2015 kada a hukunta kowa.

Ba na ɗaukar hujjojin ɗaya ɓangaren da wasa. Mafi ƙarfi a cikinsu shi ne ba a yi hira da jami'an da abin ya shafa ba. Gaskiya ne, kuma gibi ne: Ma'aikatar Shari'a ta buɗe nata binciken a 2009, wanda ya sa hukumar ba ta tilasta wa jami'anta magana ba, 'yan Republican kuma suka janye daga aikin. Rahoton da aka amince da shi a Disambar 2012 da ƙuri'a 9 da 6 ba zai kuɓuta daga zargin ɓangaranci ba. Sai dai a tuna cewa matsalar tun farko ita ce bayanin baki. Saƙon da jami'i ya rubuta wa ubangidansa a daren da abu ya faru ya fi abin da zai tuna bayan shekara takwas, da lauya a gefensa. Game da ko azabar ta samar da bayanan da ba za a samu ta wata hanya ba, Brennan da kansa ya ce abu ne da ba za a iya sani ba, alhali shekaru hukumar ta yi tana gaya wa majalisa cewa ta sani.

Hujja ta biyu ta fi ɗaci: 'yan majalisar ma suna da nasu kason, domin wasunsu sun ji isasshen abin da zai sa su yi tambaya, ba su yi ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma rauni ne a rahoton cewa bai juya madubin ga kwamitin ba. Amy Zegart ta yi bayanin dalilin a littafinta na 2011: babu ƙuri'a a aikin da ba za ka iya faɗa wa mazaɓarka ba. Har zuwa 2004 ƙa'ida ta hana sanata wuce shekara takwas a kwamitin, wato da zarar ya fara gane harshen hukumar sai a sauya shi. Ikon sakin kuɗi kuma, wanda shi ne bulalar gaske, yana hannun wani kwamiti daban. Hukumar binciken harin 11 ga Satumba ta bayyana sa idon majalisa a matsayin wanda ba ya aiki. Amma wannan hujja ba ta wanke hukumar. Tana nuna cewa ɓangarorin biyu sun ji daɗin tsarin saurare, kowa da dalilinsa.

Ban ce a soke sirri ba. Sunan wanda ke kawo bayani daga cikin ƙungiyar 'yan ta'adda ba abin karantawa ba ne a zauren majalisa. Abin da nake cewa shi ne a daina auna kwamiti da yawan zaman da shugaban hukuma ya halarta. A tambaya ko yana da ma'aikata na dindindin da aka tantance su karanta ainihin takardu, ko rumbun da suke aiki a kai nasu ne, ko ɗan majalisar da aka gaya wa sirri yana da hanyar halal ta cewa bai yarda ba, ko kuma kwamitin na iya riƙe kuɗi har sai an ba shi amsa. A lamarin Amurka, na farkon ne kawai aka samu, shi ma bisa rangwame, kuma shi kaɗai ya isa ya girgiza hukumar har ta yi abin da ta nemi afuwa a kansa.

An fitar da taƙaitaccen rahoton mai shafi kusan 500 a ranar 9 ga Disamba, 2014, makonni kaɗan kafin shugabancin kwamitin ya koma hannun 'yan Republican. A Yunin 2015 dattawa suka amince, da ƙuri'a 78 da 21, da gyaran da John McCain da Feinstein suka kawo, wanda ya taƙaita tambayar fursuna ga hanyoyin da ke cikin kundin sojan ƙasa. Sabon shugaban kwamitin, Richard Burr, ya nemi a dawo masa da kwafin cikakken rahoton da aka aika ma'aikatu, kuma a 2017 aka fara dawowa da su. Shugaba Obama ya ajiye kwafi ɗaya cikin takardun mulkinsa, da sharaɗin a kulle shi shekara goma sha biyu.

A 2018 aka gabatar da Gina Haspel domin shugabancin CIA. Ta taɓa jagorantar gidan tsarewa na Tailan a ƙarshen 2002, ita ce kuma ta tsara saƙon da Rodriguez ya aika na lalata faifan. Lokacin tantancewar tana riƙe da hukumar a matsayin muƙaddashiya, don haka hukumar da take jagoranta ce ke yanke abin da za a bayyana wa jama'a daga tarihin aikinta. Kwamitin da ya rubuta rahoton ya amince da ita da ƙuri'a 10 da 5, zauren majalisa kuma da 54 da 45.